Sai Na Neme Ki

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu walda a Lamisula da hantsi ya san rumfar Raudatu, ko da bai san sunanta ba, don hanci ne ke kai mutum wurin kafin ido. Da safe ƙosai take toyawa da dankali da doya, da la'asar ta koma kifi da awara. Mata biyu ke taya ta, Lauratu da Ammatullahi, kowacce rikicin nan ya bar ta da marayu. A Maiduguri aka yanke wa Raudatu cibi, amma kakanta Bakano ne da ya zo fatauci ya ga wuri ya zauna, kuma har yau bakin Kano bai bar gidan ba. Mutane ne da in za su hana ka abu sai sun naɗe hanin a cikin gaisuwa da addu'a, har ka tashi kana godiya.

Mijinta Nasidi da can bandar kifi yake sarowa daga Baga. Tun da hanya ta lalace ya zama ɗan zaman benci, yana jin labarai a rediyo yana tsaki. Kaskon Raudatu ne ya riƙe gidan, da gidajen matan nan biyu.

Shi kuma kaskon, abin da ya riƙe shi man Ya Kaltum ne. Tsohuwa ce Babarbariya daga wani ƙauye a hanyar Damboa, ta gudo da ɗan ƙunshinta ta raɓa a wani kango a Galtimari. Sana'arta ɗaya a duniya, matsar man gyaɗa: ta soya gyaɗar, ta kai niƙa, ta zuba a turmi ta yi ta juyawa tana ɗiga ruwan zafi har man ya taso, tunkuzar kuma ta yi ƙuli-ƙuli. Duk Litinin da Alhamis za ka gan ta ta sauko daga keke da galan a hannu. Raudatu kaɗai ke sayen man da yawa. Sauran masu saye 'yan cokali ne da ƙaramar kwalba, waɗanda ba za su ciyar da kowa ba.

Hausar Ya Kaltum ta kasuwar ƙauye ce, a tsaye take, babu kwana. Ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. In ta iso sai ta ce, "Wushe, Rauda. Ka kwana lafiya? Mijinka ta tashi?" Su Lauratu su yi ta dariya, ita ma ta taya su ba tare da ta san abin dariyar ba. Raudatu na son tsohuwar nan har cikin ranta. Ranar da ba ta zo da wuri ba, hankalinta na kan titi.

Sai gyaɗa ta yi tashin gwauron zabo. Wa zai noma ta? Duk wanda ya wuce ramin da aka kewaye gari da shi ya san da ransa yake ciniki. Ya Kaltum kan ƙara kuɗin mai tana ba da haƙuri kamar ita ta hana noma, Raudatu kuma ta rage girman ƙosai, ta sake ragewa, har wani mai walda ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Rauda, ƙosan nan azumi yake yi ne?" Aka yi dariya. Ita ma ta yi, amma da ta tashi kasuwa ranar nan ta duba abin da ya rage a gwangwani, ko kuɗin waken gobe bai cika ba.

Nasidi ne ya shiga kasuwa ya samo mai kala-kala a 'yan kwalabe, don zaman banza ya ishe shi, ga aiki ya samu. Wata safiya suka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Manja ya cika rumfar da hayaƙi, ya rine doya ta yi jawur, masu sayen doya kuwa fara suke so. Man waken suya ya yi kyau da farko, kafin azahar ya fara ƙarni, ya bar wani danƙo a bakin kasko da sai da Ammatullahi ta kankare da wuƙa. Akwai kuma man tallafi, wanda 'yan sansani ke fitowa da shi su sayar don su sayi itace. Ya fi kowanne araha, amma Raudatu ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Wanda aka ba mai yunwa ne zan toya in sayar masa? Mayar musu da kayansu, Malam."

Saura farin mai na jarka, wanda ake tacewa daga manja a kamfani. Shi ne ya ba ta haushi, don ta nemi laifinsa ta rasa. Ba ya kumfa, ba ya saurin baƙi, ƙosai ba ya shan sa. Wanda ta zuba da safe shi ta tace ta soya kifi da yamma, washegari ma ya sake aiki. Man Ya Kaltum kuwa, gaskiya ɗaya ce, ƙamshi ne da shi har layi na uku, amma yana tasowa da kumfa har ya zubo a wuta, ƙosai na zuƙe shi, kafin la'asar ya yi duhu. Aibin na jarka biyu ne kacal: ba shi da ƙamshin komai, kuma in sanyi ya buga shi yakan yi barci a cikin jarkar.

"Kin dai gani da idonki," in ji Nasidi.

"Na gani."

"To?"

"To me? In ce da tsohuwar nan me?"

Ta yi ta jan ƙafa. Tana sayen na jarka a ɓoye a bayan rumfa, tana karɓar galan ɗin Ya Kaltum a gaba, tana haɗawa, kuma asarar na nan ba ta tafi ba. Har ranar da Nasidi ya zaunar da ita ya ce mata ba da faɗa ba, "Rauda, abu biyu ne. Ko ki bar man gyaɗa, ko ki sallami ɗaya daga cikin matan nan. Ki zaɓa, ni ba zan zaɓa miki ba." Ta tuna 'ya'yan Lauratu da ke zuwa karɓar guntun dankali da yamma. Zaɓin bai yi mata wuya ba, faɗarsa ce ta tsaya mata a wuya.

Ranar Alhamis da Ya Kaltum ta zo, Raudatu ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta zubo mata koko da ƙosai masu zafi, ta karɓi galan ta biya ba ta nemi ragi ba. Ta tambayi lafiyar ƙafa, ta tambayi maƙwabta, ta zagaya ta sake zagayowa. Sannan ta sunkuyar da kai tana gyara itacen murhu ta ce:

"Ya Kaltum, hanyar nan ta yi miki nisa. Ga shingaye, a sauke ku ku taka da ƙafa cikin rana, ga shekaru. Ki huta haka nan. Kada ki ƙara wahalar da kanki da zuwa. In ina buƙata, sai na neme ki."

Ko yaron goye a Kano ya san abin da wannan magana ke nufi. Sallama ce, an rufe ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara. Wanda aka faɗa wa haka sai ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci, ya tafi ya nemi wata kasuwar.

Fuskar Ya Kaltum ta washe. "Kai ka neme ni?"

"In Allah ya yarda."

"To ka ji. In ka sauka Galtimari ka tambayi famfon tuƙa-tuƙa. Bayansa kango, babu ƙofa, buhu muka rataya. Nan nake."

Raudatu ta ce to. A zuciyarta ta ce, Allah sarki, dattijuwar arziki, ta gane, ta kuma mayar mini da karamci don kada in ji kunya. Ta ƙulla mata ƙosai a leda, ta raka ta har bakin titi, ta tsaya har keken ya sha kwana. Da ta dawo ta zauna sai ta ji wata irin sakewa a ƙirjinta, ta kuma ji haushin kanta da ta ji daɗin.

Kasuwa ta farfaɗo. Ƙosai ya koma girmansa, mai waldan nan ya ce ashe an sha ruwa. Wasu tsofaffin masu saye sun ce ƙamshin ya gudu, sai Raudatu ta riƙa jefa yankakkiyar albasa a cikin man kafin ta fara tuya, aka samu na rufin baki. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, kullum da asuba sai an jingina jarka kusa da wuta kafin man ya farka. Takan tuna da tsohuwar, musamman ranar Litinin, sai ta ce wa kanta ai tana can ta samu wasu masu saye.

Wata safiya wata mata doguwa ta tsaya a bakin rumfar, ba ta miƙo kuɗi ba, ba ta kuma matsa ba. Sai da layi ya ragu ta ce, "Ke ce Rauda mai ƙosai?"

"Ni ce. Na nawa za a ba ki?"

"Ba saye na zo ba. Sunana Rebeka, shara nake yi a wani asibiti nan baya. Kango ɗaya muke zaune da Ya Kaltum a Galtimari. Tambaya ɗaya na kawo: yaushe za ki zo?"

Raudatu ta tsaya da matsami a hannu. "In zo ina?"

"Ba ke kika ce za ki neme ta ba? Tun ranar nan matar nan ba ta fita. An yi haihuwa a layinmu ba ta je barka ba, an yi rasuwa ta aika ni in yi mata gaisuwa, wai kada ki zo ba ta nan. Kullum sai ta share tsakar gida. Da sabuwar gyaɗa ta shigo ta sayar da akuyarta ta saya, tana matsa tana tarawa. Wani mai tsire ya zo har gida yana so ya riƙa ɗauka, ta ce masa a'a, na Rauda ne, shi zai zo da kansa."

Ƙosan da ke cikin kasko ya fara ƙonewa. Lauratu ce ta zare matsamin daga hannun Raudatu ta kwashe.

"Amma ai na gaya mata," in ji Raudatu, muryarta ta yi ƙasa. "Na ce ta huta, kada ta ƙara zuwa."

"Ta huta ɗin. Ba ta ƙara zuwa ba. Duk abin da kika ce ta yi." Rebeka ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ni na yi zaman Kaduna, tun ranar da ta maimaita mini maganarki na gane. Na so in gaya mata, na kasa. Ba bakina ne ya ƙulla ba, Hajiya, ba shi zai kwance ba."

Kunya ta kama Raudatu irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta rasa inda za ta sa idonta. Ita da take ganin ta yi dabara ta raba tsohuwa da ɓacin rai, ashe ɗaure ta ta yi a ɗaki wata da watanni, ta raba ta da akuyarta, ta kore mata mai tsire. Da ta koma gida ta gaya wa Nasidi, ya buɗe baki zai ce ai ba laifinta ba ne, ya dubi fuskarta ya fasa. Ya ce gobe shi zai tsaya a rumfa tare da matan.

Washegari da hantsi ta hau keke. Sau da yawa aka sauke su a shinge suka taka, kuma a kowane shinge tunaninta ɗaya, nan tsohuwar ke bi da galan a hannu. A hanya ta shirya magana kala-kala, kowacce ta fi 'yar'uwarta laushi. Ta sami famfon tuƙa-tuƙa, ta sami kangon, ta ɗaga buhun ta yi sallama.

"Lale! Lale! Wushe, wushe, Rauda!" Ya Kaltum ta taso da sauri har zanenta na harɗe ta. "Na ce musu ka zo! Rebeka, fito ka gani!"

Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwan tsamiya a kofi, ta ɗebo garwashi a kasko ta barbaɗa turaren wuta daga wani ɗan ƙulli da ka gan shi ka san ajiyar baƙo ne. Sannan ta kama hannun Raudatu ta ja ta kusurwar ɗaki ta yaye wani tsohon zane. Galan-galan ne da kwalabe a jere, kowacce an goge ta, an toshe bakinta da leda, man ya kwanta garau.

Suka zauna. Raudatu ta fara, "Ya Kaltum, kin san yadda zamani ya zama, komai sai haƙuri, in Allah ya kawo sauƙi nan gaba..." Sai ta ji bakinta ya kama hanyar da ya saba, ta ga tsohuwar na gyaɗa kai tana murmushi tana jiran jin ranar da za a zo da mota. Ta katse maganar.

"Ya Kaltum, saurare ni. Na daina sayen man gyaɗa. Na koma na jarka tun kafin damina. Wannan da kika tara duka zan kwashe in biya, don bakina ne ya jawo. Bayan shi ba zan ƙara saye ba."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya janye.

"Man ta yi laifi?"

"Bai yi ba. Babu mai kamar naki a garin nan. Tsada ya yi mini, kaskona ba zai iya ba."

"To don me ka ce ka neme ni?"

"Haka muke faɗa." Hawaye ya zubo wa Raudatu, ba ta share ba. "Mu in muna jin kunyar mu ce wa babba kada ya dawo, sai mu ce sai mun neme shi. Na zaci kin gane. Ki yafe mini don Allah."

Ya Kaltum ta daɗe tana kallon hayaƙin turaren. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Can ta ce, a hankali, kamar mai koyon karatu, "Sai na neme ka. Ma'ana, kar ka zo."

"Eh."

"Ma'ana, ni ma ba na zuwa."

"Eh, Ya Kaltum."

"Duk mai Hausa haka?"

"Ba duka ba. Amma da yawa."

Rebeka da ke tsaye a bakin ƙofa ta juya ta fita da sauri, Raudatu ba ta san dalili ba sai da tsohuwar ta sake magana.

"Ina da yaro, Ba'ana. Shi kaɗai ya rage. Da muka shigo gari, wata rana mota ta zo, aka kwashe samarin layi, har da shi. Na je wani ofis, na je, na je. Wani mutum a tebur, mai kirki, ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Ta ce, Mama, ka koma gida ka huta, kar ka wahala da zuwa, za mu neme ka." Ta ɗago ta dubi Raudatu tsakiyar ido. "Azumi biyu ke nan ina jira. Shi ma irin Hausarka ce?"

Raudatu ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Amsa mai daɗi na nan a kan harshenta, a shirye: a'a, ai na ofis daban ne, in sha Allahu za su zo. Tsohuwar za ta karɓa kuwa, ta ci gaba da share tsakar gida. Ta dubi hannayen tsohuwar da juya turmi ya sa suka yi kanta.

"Ban san zuciyarsa ba, Ya Kaltum. Wallahi ban sani ba. Amma in ni aka gaya wa haka, ba zan zauna jira ba."

Tsohuwar ta rufe ido. Leɓɓanta suka yi ta motsi da Kanuri, addu'a ce ko sunan ɗan take kira, Raudatu ba ta ji ba. Kuka ne ba mai sauti ba, ya daɗe. Raudatu ta matsa ta riƙe hannun, ba ta ce ta yi haƙuri ba, don ta ga bakinta ya yi ɓarnar da ta isa.

Da Ya Kaltum ta buɗe ido sai ta goge fuska da gefen mayafi, ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo takalmanta na roba, ta karkaɗe su ta ajiye a bakin ƙofa.

"Gobe na koma ofis ɗin."

"Ki biyo ta Lamisula da safe," in ji Raudatu. "Tare za mu je. Su yi maganarsu, ni kuma in gaya miki abin da suka ce."